Lomar da Ta Tsaya wa Illo a Maƙoshi

Shehinmu, Allah ya yarda da shi ya haskaka makwancinsa, malami ne da ilimi ya zauna masa a ƙirji, masanin fiƙihu da tafsiri, mai zuhudu da tsantseni, wanda ya shekara arba'in yana karantarwa a wani ɗan zauren ƙasa a Ƙofar Atiku. A shekarun da arzikin man fetur ya ruɗa Sakkwato, har waɗanda jiya suke kan jaki suka fara zaɓen launin mota, shi ko buzun da yake zama a kai bai sauya ba. Karamominsa suna da yawa, amma akwai guda da mu ɗalibansa ba mu cika son ba da ita ba, domin babu daɗi a cikinta. Ita ce ta Illo.

Illo akawu ne mai buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati, mazaunin Unguwar Rogo. Katanga ɗaya ta raba shi da Irmiya, Kirista mutumin wajen Pankshin, kafinta a ma'aikatar tasu, wanda Illo yake kira Baban Ladi. Shekara goma sha ɗaya suna ciyayya. Da an idar da magariba kowa ya fito da kwanonsa ƙofar gida, Lantana matar Illo ta aiko da tuwon gero, Rifkatu matar Irmiya ta aiko da gwate, su sa hannu tare.

Sai shekarar nan ta zo da sojoji suka sa tsintsiya a aikin gwamnati, ana korar mutane nan take, mai laifi da wanda kawai wani babba ba ya son ganin fuskarsa. Wata Litinin aka rufe Illo a ofis da soja a bakin ƙofa, aka tuna masa rantsuwar riƙe sirri, aka ba shi sunaye ya buga takardun sallama da za a raba bayan mako biyu. Na goma sha bakwai Irmiya ne. Laifin da aka laƙa masa wai rashin ƙwazo, alhali kujerar da Illo yake zaune a kai ma shi ya ƙera ta. Illo ya dubi sojan, ya tuna 'ya'yansa shida, ya buga.

A wannan maraicen, suna cikin cin tuwo, Irmiya ya ce, "Malam Illo, kai ne kusa da manya. Wani kamfanin gine-gine suna so in zama shugaban kafintocinsu, sun ba ni zuwa Juma'a. Ni kuma saura shekara biyu in kai fansho. Me ka gani?"

Loma tana hannun Illo. Kalma guda ta isa, ko ma ya ce masa karɓi kawai, ba tare da wani bayani ba. Amma tsoro ya riƙe masa harshe, ya ce, "Allah shi zaɓa abin da yah hi zama alheri, Baban Ladi." Irmiya ya ce amin, ya tura masa tsokar naman da ke gefensa. Ran Juma'a ya je ya yi wa kamfanin godiya ya ce ba ya so.

Da takarda ta fito, fansho ya tafi, kamfanin ya riga ya ɗauki wani, kuma a garin nan babu mai ɗaukar wanda sojoji suka kora. Illo ya daina fitowa ciyayya, ya ce masassara ce. Daga nan maƙoshinsa ya fara rufewa. Tuwo ya ƙi wucewa, sannan fura, har ya zama sai ruwa da cokali. A asibiti aka leƙa wuyansa, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce babu komai sai damuwa, ya kuma rubuta wa mutumin da ba ya iya haɗiya ƙwayoyin haɗiya. Lantana ta jiƙa duk saiwar da aka kwatanta mata. Kwana arba'in Illo yana kwance yana narkewa, yana jin gudumar Irmiya ta bayan katanga, bai san me ake ƙerawa ba, bai kuma yi ƙarfin halin tambaya ba.

Da Lantana ta ga mijinta zai mutu mata a hannu, ta sa aka ɗauko shi zuwa zauren Shehu, bayan azahar, muna tsakiyar karatu. Mun zaci za a yi masa rubutu ko tofi. Shehu, Allah ya ƙara masa yarda, bai tambaye shi komai ba. Ya rufe littafi, ya daɗe yana addu'a a ɓoye, sannan ya ɗago kai cikin natsuwar nan tasa ya ce, "Ba abinci yat tsaya maka ba, Illo, abin da ba ka hwaɗa ma maƙwabcinka ba shi at tsaye. Yau kahin la'asar za ka ci, amma ba kwanon gidanka ba, kuma ba za ka ji daɗinai ba. Tashi, motarsu ta kusa tashi."

Babu mahalukin da Illo ya taɓa gaya wa zancen takardar nan, ko matarsa. Maganar mota kuwa shi kansa bai san da ita ba.

Aka mayar da shi Unguwar Rogo, ya tarar da akori-kura a ƙofar gidan Irmiya, ana loda akwatunan katako, waɗanda gudumar nan ta yi ta haɗawa. Illo ya dafa katanga, murya ba ta fita sosai, ya ce, "Baban Ladi, ni nib buga takardarka. Ranar da kat tambaye ni shawara, na sani."

Irmiya ya zaro takardar daga aljihu, ta yi laushi don yawan ninki, ya sa yatsa a ƙasanta. Al'adar ofis ce mai buga takarda ya sa haruffan farko na sunansa a kusurwa, kuma hannun Illo ya sa su ranar nan bisa sabo, shi bai ma lura ba.

"Tun ranar da aka ba ni na gani," in ji Irmiya. "Bugun bai dame ni ba, aikinka ne, an sa ka. Amma na tambaye ka hannunmu yana cikin kwano ɗaya. Kwana arba'in ina jira ka zagayo katangan nan."

Ya kira Rifkatu, ta kankaro ragowar gwate daga tukunyar da za a ɗora a mota, ta ajiye ba ta dubi Illo ba. "Ci," in ji Irmiya. "Ba na so a ce ka mutu a kaina."

Illo ya kai loma baki yana kuka, ta wuce sumul kamar bai taɓa ciwo ba. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku, yana suɗe kwanon ladan ya ɗaga murya da kiran la'asar. Ya roƙi gafara. Irmiya ya ce, "Littafinmu ya ce in yafe. Ina ƙoƙari, ban kai ba tukuna." Ya karɓi kwanonsa, ya hau mota.

Washegari Illo ya dawo zaure da ƙafarsa, ya durƙusa ya ce, "Allah gahwarta Malam, na warke, amma bai yahe min ba." Shehu ya ce, "Lahiya nir roƙa maka, aka ba ka. Yahiya tana hannun mai haƙƙi, ba ni da iko da ita."

Illo ya ƙara shekara ashirin da shida a duniya, yana cin abinci lafiya lau, ya kai fansho, har teɓa ya yi. Duk shekara yana rubuta wa Irmiya wasiƙa da hannunsa, ba da tafireta ba. Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

Tsarki ya tabbata ga Allah da ya buɗe wa Shehinmu abin da ke ɓoye a ƙirjin bayinsa, ya kuma ba shi ladabin tsayawa inda haƙƙin wani ya fara. Allah ya ɗaukaka darajarsa, ya shayar da mu daga albarkarsa, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya a lokacin da take da sauran amfani ga maƙwabci. Amin.