Manomin da Aka Yi wa Kuka Cikin Tabarau

A wani ƙauye na bakin rafi akwai wani manomi, tsoho, matarsa ta rasu ta bar shi da ɗa guda mai suna Kefas. Kefas ne ƙarfin gidan. Da ruwan shuka ya sauka, shi ya shuka dawa a gonarsu, yana tafe yana waƙar sujada da muryarsa mai kaushi. Dawa ta tsiro, ta yi kyau. Sai wata rana rafi ya kawo, Kefas yana ƙetarewa, ruwa ya tafi da shi, sai gawarsa aka tsinta.

To, al'adar mutanen wurin ita ce, in mai noma ya mutu da damina, da an tashi daga zaman makoki sai samari su saɓa fartanya su yi wa gidan gayya, su nome gonar kafin ciyawa ta shaƙe ta. Amma samarin ƙauyen duk sun koma birni, can suke da aikinsu da majami'arsu. Tsofaffi kaɗai suka rage.

Ranar biso sai ga Filibus, ɗan ƙanen tsohon, ya zo daga birni da wata kyamara mai idanu ta kowane gefe. Ya kafa ta a bakin kabari.

Ya ce, "Baba, akwai wani tabarau, duk wanda ya sa shi sai ya ga kansa a nan, kamar da ƙafarsa ya zo. 'Yan'uwa za su ji abin da kake ji."

Tsoho ya ce, "In zai sa su tuna da gonar nan, ɗauka."

Filibus ya ɗauka. Ya ɗauki zuba ƙasa. Ya ɗauki lokacin da tsohon ya faɗi yana kiran ɗansa. Sa'an nan ya naɗe kayansa ya tafi.

Tsoho ya yi ta duban hanya. Ba wanda ya ɓullo. Ciyawa ta kai idon sawu, ta kai gwiwa, ganyen dawa ya fara rawaya. Ya gwada noma shi kaɗai, bayansa ya ƙi. Sai ranar Lahadi ya sa rigarsa mai kyau, ya hau mota zuwa birni.

Ya tarar an tashi sujada, an jera kujeru a harabar majami'a. Mutane zaune, an ɗaure musu baƙin abu a fuska, suna juya kai hagu da dama, hawaye na fitowa ta ƙarƙashinsa. Wasu na layi suna jiran nasu. Ya tsaya a gabansu da ƙurar hanya a ƙafa, ba wanda ya gan shi.

Wata mata ta miƙa hannu cikin iska tana cewa, "Wayyo Baba, sannu, sannu." So take ta dafa tsohon da ke cikin tabarau. Sai hannunta ya bugi ƙirjin tsohon gaske. Ko ɗaga tabarau ba ta yi ba, ta ce, "Malam, matsa mana! Ba ka ga muna ta'aziyya ba?"

Ya matsa.

Filibus ya hango shi, ya sheƙo da murna. "Baba! Ka gani? Ba wanda ya cire shi da busasshen ido. Har dattijon ikilisiya sau biyu ya sa."

Dattijon ya ƙaraso yana share fuska, ya riƙe hannun tsohon. "Baba, mun kasance tare da kai. Ni a bayanka nake tsaye da ka faɗi."

Tsoho ya ce, "A bayana? To, me ya hana ka tare ni?"

Sai tsoho ya juya ga jama'a.

"Ban zo neman kuka ba, ina da shi a gida. Ciyawa tana cin shukar yarona. Wa zai zo ranar Asabar da fartanya?"

Samari suka dubi juna. Wani ya ce yana da aiki. Wani ya ce, "Gaskiya Baba, abin da na gani ya taɓa ni ƙwarai, zuciyata ba za ta iya zuwa wurin nan kuma ba."

Ran tsoho ya ɓaci. Ya juya ga Filibus. "Cire ni daga cikin abin nan. Faɗuwata tawa ce, ba ta jerin gwano ba."

Filibus ya sunkuyar da kai. "Baba, ai na riga na tura wa waɗansu majami'u."

Tsoho ya koma gida. Da kaka ta yi, kara kawai ya tarar a gonar, ba zangarniya ko ɗaya.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Tsohon shi ne duk mai makoki a cikinmu. Gonar ita ce abin da mutuwa ta bari a hannun masu rai, wanda ba ya jira. Tabarau kuwa shi ne duk abin da ke kawo mana zafin wani har inda muke zaune, mu ɗanɗana, mu ajiye. Ban ce na'urar ce mai zunubi ba. Ubangiji ya ba mu tausayi domin ya tashe mu tsaye, mu kuwa muka mai da shi abin sha, muka ƙoshi, muka koma gida muna jin mu mutanen kirki ne. Kuma wa ya ba mu izini mu yi ta zagaya da ranar da mutum ya fi kowace rana karyewa? Wanda ya binne nasa ya sani, ba a cire wannan rana a rataye. Saboda haka in ka ga baƙin cikin ɗan'uwanka har ka yi hawaye, kada ka ce ka je. Tambayi inda gonarsa take, ka nemi fartanya.