Kaska a Kunnen Duna

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Wata mata ce, sunanta Kuluwa, gidanta a bakin daji. Dukiyarta awaki uku, sai karenta Duna mai gadinsu. Tana ba shi tuwo, tana ba shi ruwa, amma ba ta taɓa shi. In ya matso sai ta ce, "Kai, can! Da alwalata."

Kura ta rasa hanyar awakin nan, don ko ganye ya motsa Duna ya ji. Sai ta je wajen Kaska ta ce, "Ƙawata, kwashi 'ya'yanki ku tare a kunnen karen can. Jini naku, nama nawa."

Kaska suka shiga, suka sha, suka kumbura, suka toshe kunne.

Duna ya zo yana kaɗa kai, ya ce, "Uwar gida, kunnena." Kuluwa ta ce, "Yunwa ce," ta jefa masa ƙanzo. Kura ta zo, Duna bai ji ba, ta ɗauke akuya.

Ya sake zuwa yana susa har da jini. "Uwar gida, kunnena." Ta ce, "Kwaɗayi ne," ta jefa masa ƙashi. Kura ta ɗauke ta biyu.

Saura ɗaya, mai ciki. Kuluwa ta zauna tana kuka, tana cewa, "Na shiga uku, kare ya lalace. Gobe zan kore shi."

Kazarta na tono a gefe, ta ce, "Uwar gida, kin ba bakinsa, kin ba bakinsa. Shi kuwa kunne ya ce miki. Kin leƙa?"

"Ni in taɓa kare?"

"Rijiyarki ta ƙafe ne? Ki taɓa, ki wanke."

Kuluwa ta share hawayenta. Can ta kira Duna, ta ɗaga kunnen. Wayyo, yara! Kaska cunkus, kowace kamar wake. Ta ce, "Duna, yafe mini." Tana cirewa a hankali, Kaza na caccakewa, har suka ƙare. Ta wanke ciwon da ruwan ɗumi, ta shafa magani, sannan ta wanke hannunta tas, ta sake alwala.

Kura ta dawo tana tafiya gadan-gadan, ba ko sanɗa. Tun daga nesa Duna ya ji ta. Ya laɓe, tana sa kai ya cafke ƙafarta ta baya. Ta ƙwace da ƙyar, shi ya sa har yau take ɗingishi.

Akuya ta haifi biyu.

To kun ji. Dabbar da ka ajiye, ciyarwa kaɗai ba ta isa ba, sai ka duba jikinta. Gobe da safe a leƙa mini kunnen karen gidan nan, tun jiya nake ganin yana kaɗa kai.

Ƙurunƙus, na ɗora ta a kan Kura, ta tafi da ita daji.