Ganyen Kabejin Zorka

Akwai wata dattijuwa mai suna Zorka a wani ƙauye kusa da garin Uzice a ƙasar Turai. Ba muguwa ba ce, amma idan ta ce "na sani", to magana ta ƙare.

Matar ɗanta, Biljana, ta haihu ta hanyar tiyata bayan dogon jira. Da za a sallame ta, ungozoma ta ja Zorka gefe ta ce, "Shekarunta sun ja, ga jiki, ga tiyata. Jini zai iya daskare mata a ƙafa. Ta riƙa takawa, kuma kullum a yi mata wannan allurar ta tsinka jini."

Zorka ta ce to. Suna isa gida ta jefa alluran a aljihun rigar girkinta, ta rufe tagogi ruf kada iska ta shiga jikin mai jego.

"Mama, an ce in riƙa tafiya," in ji Biljana.

"Wa ya ce? Yarinyar da ko haihuwar fari ba ta yi ba? Ni huɗu na haifa. An yanka ki, kuma a tsinka miki jini? Kwanta, 'yata, sai kin yi arba'in."

Komai a gado take kai mata, miyar kaza, ruwan wanka, har da jaririnta. Wallahi hidima kam ta yi.

Ana nan sai ƙafar Biljana ta hagu ta kumbura, ta yi zafi. Mijinta Milutin ya ce a koma asibiti. Zorka ta harare shi.

"Kai da ganin jinin kaza ke sa ka jiri, yau ka zama likita?"

Ta jiƙa ganyen kabeji da barasar gida, ta naɗe ƙafar, ta murza ta sosai.

Da hantsi Biljana ta miƙe za ta ɗauki ɗanta, sai ta dafe ƙirji. "Mama... numfashina."

A asibiti likita ya fito ya ce gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe huhu. Ya tambaya, "Wa ke yi mata allurar?"

Zorka ta sa hannu a aljihu. Alluran suna nan, ko ɗaya ba a fasa ba. Biljana ba ta kai yamma ba, ta rasu.

Ranar arba'in, ranar da uwa ke kai ɗanta coci, Zorka ce ta kai shi. A ƙofa limamin cocin ya duba bayanta yana neman mai jegon, sai ta fashe da kuka.

Darasi: Ƙauna ba ta maye gurbin sani. Wadda aka yi wa tiyata ta riƙa takawa, ta yi maganinta, kuma kumburin ƙafa ko sarƙewar numfashi na asibiti ne nan take. Ku tura wa duk gidan da ke da mai jego.