Rabon Babban Yaya a Faifan Umma

Akwai wani magidanci da ƙannensa ke kira Babban Yaya a gabansa, a bayan idonsa kuma Na-sani. Ba a taɓa gaya masa abu bai ce ya sani ba.

Mahaifiyarsu ta rasu suna cikin saɓani da shi. Ya gaya mata magana mai zafi, ya buga ƙofa ya yi tafiyarsa, bai dawo ba sai ranar jana'iza. Tun daga nan abu ɗaya ke cin sa a rai, ko da yake ba ya faɗa: ta yafe masa, ko ba ta yafe ba?

Bayan shekaru, Auta, ƙanwarsu ta ƙarshe, tana gyaran ɗakin Umma ta tsinci faifan sidi a ƙasan akwati, ba ko gidansa, duk ya sha ƙarce. Wani tsohon maƙwabci mai ɗaukar sauti ya ce shi ya naɗa lokacin jinyar Umma. Kowane ɗa da nasa saƙon, daga ƙarami zuwa babba, kuma babu wani kwafi.

A gidan kaf, Babban Yaya kaɗai ke da kwamfuta mai cin faifai. Auta ta kai masa shagonsa tana rawar jiki, don ya kwafe musu saƙonnin.

To, kwafar faifai iri biyu ce. Akwai ta gaggawa, wadda in ta tarar da ƙarce sai ta tsallake ta yi gaba. Akwai ta natsuwa, wadda ke komawa wurin ta sake karantawa, ta gwada wannan da wancan har su zo ɗaya. Kun riga kun san wadda mutuminmu ya zaɓa.

Saƙonni suka riƙa sauka da alamar kore. Da aka zo na ƙarshe, alama ta koma ja.

"Yaya, wannan jan fa?" in ji Auta. "Ko a bari ta sake bi a hankali?"

"Ke da ko kunna kwamfuta ba ki iya ba, ke za ki koya min aiki?"

"Ba koya maka nake ba. A ɗan saurara mana kafin a cire."

Nan ta taɓa masa inda yake ciwo. Tsoro yake kada Umma ta ambaci abin da ya yi mata, ƙannensa su ji. Ya zare faifan, ya kalli Auta ido cikin ido, ya lanƙwasa shi har ya ce ƙas. Ya jefa gutsattsarin a kwandon shara.

"Yanzu muryar Umma tana hannuna. Mai son nasa ya zo ya roƙa."

Auta ta durƙusa tana kuka a gaban masu sayayya, shi kuwa ya ci gaba da auna kaya. Sai da ya gasa mata gyaɗa a hannu, yau ta dawo gobe, gobe ta dawo jibi, kafin ya tura mata nata a waya. Wallahi, ni mai ba ku labarin nan, wannan wurin ya fi ƙona min rai.

Ran nan da shago ya yi shiru, ya janyo ƙofa, ya kunna nasa. Muryar Umma ta fito a gajiye.

"Kai kuma babbana, abin da ya faru tsakaninmu, ina so ka sani..."

Sai ƙarar kat-kat-kat. Sai shiru mai tsawo. Can muryar ta dawo tana ce wa mai ɗaukar sautin, "Shi ke nan, kashe abin naka."

Shi faifai daga ciki ake fara karanta shi, saƙon ƙarshe yana can bakin gefe, inda ƙarce ya fi yawa. Na kowa ya fita tsaf, nasa ne gaggawar ta tsallake.

Ya ruga wurin mai gyaran kwamfuta. Mai gyara ya saurara, ya girgiza kai.

"Abin da ba a kwafo ba, ba ya cikin nan, ranka ya daɗe. Ina faifan? Ko da ƙarcensa ne kawo, a goge shi a bi a hankali, sau da yawa yana fita."

Babban Yaya ya tuna gutsattsarin da ya jefa a shara, ya juya ya fita.

Ƙarshe dai ya sauke girman kai ya je gidan Auta, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Auta, a naki, Umma ta yi maganata?"

"Ta yi. Ta ce in bi ka sau da ƙafa, kuma na bi."

"Ba ta ce komai ba a kan ranar da na buga ƙofa na tafi?"

"Wannan a naka ta sa, Yaya. Kai ta bar wa."

Har yau saƙon yana wayarsa. Yakan kunna, ya kai inda Umma ta ce "ina so ka sani", ya mayar baya ya sake kunnawa.

Darasi: Kada ka rabu da asali sai ka saurari kwafi daga farko har ƙarshe. Kada kuma girman kai ya hana ka jin gyaran na ƙasa da kai, domin muguntar da ka shirya wa ɗan'uwanka tana iya ƙarewa a kanka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu tsofaffin faifai a akwati.