Tarakta da Masarar Alƙali

An gurfanar da wani manomi, Nomau, saboda ya hau titi da tarakta ba inshora.

Alƙali, wanda ya daɗe yana kwaɗayin taraktar, ya ce, "Gobe ka kawo ta kotu, amma kada tayarta ta taɓa titi. In ka kasa, an ƙwace ta."

Nomau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, da sauƙi. Sai in ratso ta gonar masararka da ke bayan kotu."

Alƙali ya gyara zama. "Biyo titi."

"Ba inshora?"

"Na ce biyo titi."

Nomau ya dubi magatakarda. "Rubuta da kyau, Malam. Laifina na jiya, yau ya zama umarnin kotu."