Mutumin da Bai Duba Inda Yake Tsaye Ba

An yi wani mutum a nan birnin Sakkwato, zamanin da kuɗin mai ke malala, soja na riƙe da mulki. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa na nan unguwar Mabera. Yana aiki a wata ma'aikatar haƙa rijiyoyin burtsatse, inda aka kawo kwamfuta mai girman kabad. A cikinta aka zuba duk sakamakon awon ƙasa, wato inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin kowane ƙauye da zurfinsa. Shekaru ma'aikata suka yi suna shan rana kafin su tara shi.

Wannan na'ura sai da rubutu ake ba ta umarni, kuma ƙofa biyu gare ta. Ta ƙaramar kowa ke shiga da sunansa, in ka nufi ɓarna ta ce ba ka da izini. Babbar kuwa, wanda ya shiga ta nan ba ta yi masa musu, ba ta tambayarsa ko ya tabbata.

Da shugabansa Injiniya Sodangi zai tafi Hajji, ya raɗa masa kalmar buɗe babbar ƙofa. Ya ce, "Wanga mabuɗi amana na. Kak ka shiga da shi sai da lalura, in ka ƙare ka hito. Kuma duk Alhamis ka kwahe aikin bisa faifai."

Ya 'yan uwa, kun san abin da ya ci wannan bawa? Girman kai! Ranar da na'urar ta ce masa ba shi da izini, sai ya harzuƙa. "Ni ƙarhe ka hana ma izini?" Daga ranar ya tare a babbar ƙofa, ko gaisuwa zai rubuta sai ta can. Kwafar faifai kuwa ya ce aikin masinja ne.

Sai aka ce wani babban soja zai zo duba ma'aikatar. Mutuminku yana son ya burge, ya zauna zai share tarkacen da ya tara a sashensa na cikin na'urar. Akwai ɗan umarnin da za ka rubuta na'urar ta gaya maka inda kake tsaye, bai kai tsawon atishawa ba. Ya ga ya wuce nan. Ya rubuta a goge duk abin da ke wurin, ya danna. Ashe ba a sashensa yake ba, a gindin komai yake tsaye, inda duk aikin ma'aikatar yake ajiye.

Da ta ƙaramar ƙofa ya shiga, da ta hana shi. Amma wa zai hana mai babban mabuɗi? Ta bi umarni, ta lashe komai tas. Ya nemi awon ƙauye ɗaya, babu. Ya ruga ga faifai, ya tarar da shi fanko. Gumi ya karyo masa.

A rediyo ya ji korarsa, nan take. Ni ba wannan ke ƙona mini rai ba. Masu injin haƙa sun jira awo har kwangilarsu ta ƙare, suka naɗe kayansu suka tafi. Wani dattijo, Maigandi, ya zo daga ƙauyensu yana tambaya, "Yaushe za a gina muna rijiyar da anka auna?" Aka rasa mai kallon idonsa. Matan garinsu suka ci gaba da ɗibar ruwan tabki, yara na ta fama da kurkunu.

Wa ya ɗauki wannan alhaki? Ƙarfe? Ƙarfe ba ya tsayuwar hisabi!

Kai da aka damƙa wa iko, ka yi aikinka ta ƙaramar ƙofa. In lalura ta kai ka babbar, duba inda kake, karanta abin da ka rubuta kafin ka danna, in ka gama ka fito. Wanda ya ƙi jin bari, zai ji hoho, sai dai hohon wannan bai tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, kada ya sa ƙishirwar wani ta zama tambayarmu ranar gobe. Amin.