Tabon Hannun Tanimu Mai Shela

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan ambaci sunansa ba. A shekarar 1968 ne, lokacin da masu lamba ke zagaya ƙasa don kawar da cutar agana. Sunansa Tanimu, shi ne mai shelar garin. 'Ya'ya uku ya haifa, agana ta ɗauke ukun, uwarsu ta bi su. Shi kaɗai ya rage a gidan.

Mutanen garin sun ƙi lamba, domin an baza cewa tana kisa. Sai dubagari, Malam Sidi, ya kira shi.

"Baba Tanimu, ka shaida musu ba zafi, ba zazzaɓi, ba komai."

"Haka ne, ranka ya daɗe?"

"Akwai ɗan zazzaɓi. Amma in ka faɗa, wa zai zo?"

"To, a fara yi mini. Abin da jikina ya ji, shi bakina zai faɗa."

Ku saurara. Aka yi masa, hannu ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ba wanda ya leƙa shi. Mai fura ta daina bi ta ƙofarsa, a masallaci aka matsa daga sahunsa. Dubagari kuwa ya tafi garin gaba da motar lasifika, aka yi ta shelar ba zafi. Can, da zazzaɓi ya kama yaran farko, iyaye suka ce an yaudare su, suka ɓoye sauran a rumbuna.

Da Tanimu ya miƙe, ya zauna bakin kasuwa, ya naɗe hannun riga. "Jama'a, da zafi. Da zazzaɓi. Da tabo, ga shi. Amma ban mutu ba."

Wata mata, Kande, ta tsaya daga nesa da goyo. "Baba, in nawa ya yi zazzaɓin fa?"

"Zai yi, 'yata. Ki ba shi ruwa, ki jira. Nawa ba su sami wannan ba."

Ta kwance goyon, ta miƙa wa masu lamba.

Jama'a, darasin a fili yake: wanda zai ja mutane zuwa ga alheri, ya faɗa musu har da ɗacinsa, domin wanda aka yaudara sau ɗaya ba ya sake sauraro. Ku da kuke yawon neman ƙuri'a, ku masu talla, mu masu wa'azi, kowa ya tambayi kansa: na ɗanɗana abin da nake kira zuwa gare shi?

Tanimu ya rasu a 1974, shi kaɗai a ɗakinsa. Waɗanda suka ɗauki makararsa, kowannensu da tabo a hannu.